Ɗaga da Sauke

Shekara ashirin da biyu ina aikin gyaran rubutu a maɗaba'a, kuma ba a taɓa dawo da littafi saboda kuskurena ba. Ba alfahari ya sa na fara da wannan ba. So nake a san cewa kalmar da ta tashi Baba Mai Guga daga ƙarƙashin benenmu ba wani jahili ne ya zaɓe ta ba. Ni na zaɓe ta, a tsaye a kan matakala, da jaka a kafaɗa da ledar cefane a hannu, cikin abin da bai kai minti biyu ba.

Gidan namu bene ne mai hawa huɗu, ƙofa arba'in, kowace ƙofa da iyalinta da rigimarta. A da, in za a yanke wata shawara, taro ake kira a tsakar gida ranar hutu. Mutum shida za su zo, uku su yi gyangyaɗi, sauran ukun su yi faɗa, a watse ba a yanke komai ba. Da Ciyaman na kwamitin gidan ya gaji, sai ya sa Injiniya na hawa na uku, mai gyaran kwamfuta a bakin titi, ya buɗe mana shafi a intanet. Duk mai magana ya rubuta ta a can. A ƙarƙashin kowace magana akwai kibiya biyu, ɗaya tana kallon sama, ɗaya tana kallon ƙasa. In ka goyi baya ka danna ta sama, maganar ta ƙara hawa kan jerin. In ba ka so ka danna ta ƙasa. Ƙofa ɗaya ƙuri'a ɗaya, kuma ba mai ganin abin da wani ya danna. Bayan kwana bakwai, abin da ya rinjaya shi za a yi.

Ranar da abin ya faru, Injiniya ya tare ni tsakanin hawa na biyu da na uku, ina haki.

"Malama, taimako ɗaya za ki yi mana. Tsofaffin gidan nan sun ce kibiya ba ta magana. So suke a rubuta musu da Hausa a jikin maɓallin."

"Rubuta goyon baya."

"Ba zai shiga ba. Maɓallin ƙarami ne, harafi biyar ne iyakarsa."

"To, na amince."

Ya ƙirga da yatsu, ya girgiza kai.

Ledar tana yanka min yatsu, ƙafata tana zogi. Na tuna yadda ake ɗaga hannu a taro, na kuma tuna cewa maganar ma hawa sama take yi in an danna. Sai na ce, "Rubuta Ɗaga. Ta ƙasan kuma Sauke." Ya ce kai, ilimi dai da daɗi. Na wuce na hau abina.

Kalmar kuwa ta karɓu. Magana ta farko, a sa ƙwan fitila a hawa na biyu inda mutane suke tuntuɓe, ta samu ɗagawa talatin da bakwai, aka sa ƙwai. Ta biyu, a daina shanya tabarma a jikin ƙarfen matakala, ita ma ta wuce, ko da yake har yau ana shanyawa. Kafin wata biyu kalmar ta sauko daga waya ta shiga bakin mutane. Mace za ta tare ki a bakin famfo ta ce, "Na rubuta maganar kwandon shara, don Allah ki ɗaga min." Maza suna tsokanar juna, "Kai wannan shawarar taka ko matarka ba za ta ɗaga maka ba." Ni kuwa ina wucewa ina jin daɗi a raina. Mai gyaran rubutu aikinsa sharar bayan wasu ne, ba a saba ce masa ga kalmarka can tana yawo ba.

Ƙarƙashin matakala, daidai inda rufin ya karkato, nan ne wurin Baba Mai Guga. Ya riga yawancinmu zuwa gidan. Ni dai da na tare na same shi, a lokacin ma an ce ya daɗe. Teburinsa tsohuwar ƙofa ce da aka ɗora a kan ƙafafun ƙarfe, aka shimfiɗa mata bargo biyu da farin zane. Yana da dutsen guga biyu, da kwalbar fesa ruwa, da igiyar da ya ɗaura daga ƙusa zuwa bututun ruwa don rataye riguna, da ƙaramin rediyo da ba ya kama komai sai tasha ɗaya. Saboda karkatar rufin a sunkuye yake aiki, har bayansa ya ɗauki siffar wurin, ko a titi ka hango shi sai ka ce da matakalar yake tafe a kansa. Ba a nan yake kwana ba, yana da ɗaki a gidan 'yarsa can ƙarshen gari, motar haya biyu. Amma shi yake karɓar saƙo in ba ka nan, a wurinsa ake barin makulli, shi ya san wanda ya fita da wanda bai dawo ba. Ni Jan Biro yake kirana, tun ranar da na manta biron gyarana a aljihun riga, shi kuma bai ankara ba sai da ya ɗora dutse a kai.

Ba zan ɓoye ba, ido ya fara gudunsa. Bara ya ƙona wa Ciyaman farar riga a ƙirji. Ya fara haɗa wandon wannan da rigar wancan. Ana cikin haka aka buɗe sabon shagon wanki da guga a kwanar titi, masu injin tururi, suna miƙo maka kayanka a leda mai ƙyalli. Daga nan mutanen gidanmu suka koyi fita da manyan jakunkuna, suna gaida Baba da sauri kamar waɗanda mota take jira.

Ranar uku ga wata maganar ta bayyana a shafi, ba sunan wanda ya rubuta: "A tashi mai guga daga ƙarƙashin bene ranar talatin ga watan nan, a mayar da wurin ma'ajiyar babura." An kawo dalilai a ƙasa, wai wayar wuta tana ɗaukar zafi, wai babura sun tare bakin ƙofa har mai ɗauke da kaya ba ya iya wucewa.

A cikin motar haya na gan ta, ina dawowa daga aiki. Makon ne muke fama da wani littafin lissafi na makarantu mai shafi ɗari uku, idona kamar an zuba barkono. Na ce a raina wannan shirme ne, wa zai goyi bayan haka, in na isa gida na danna. Na isa gida na ɗora tukunya. Washegari na ce gobe. Maigidana direban babbar mota ne, yana kan hanya, ƙuri'ar ƙofarmu a hannuna take. Kwana bakwai suka cika ban danna komai ba.

Ɗaga, ashirin da takwas. Sauke, biyar. Mu bakwai ba mu danna ba.

Da yammar ranar na dawo na tarar da bakin matakala cike da mutane, abin da rabon da in gani tun ranar da tankin ruwa ya fashe. Baba yana tsaye a bayan teburinsa riƙe da kwalbar fesa ruwa, kowa yana magana a lokaci ɗaya. Kafin in gane kan zancen wani hannu ya damƙi tsintsiyar hannuna. Tsohuwar hawa na biyu ce, wadda duk gidan muke kira Gwaggo, ta sauko da sandarta, ita da sai ta yi wata ba ta taka ƙasa ba saboda ciwon gwiwa.

"Ke 'yar nan, ke aka ce kin rubuta abin nan?"

"Wane abu, Gwaggo?"

"Ɗaga ɗin nan mana. An ce za a tashe shi ranar talatin. Na duba na ga Ɗaga, na ga Sauke. Na ce ni wa, in sauke bawan Allah daga aikinsa? Sai na danna a ɗaga ranar. In an ɗaga tafiya ai ba a yi ta ba ke nan. Yanzu kuma ana ce min wai da hannuna na kore shi."

Sai a lokacin na gane. A takarda mukan rubuta an ɗage taro, ni kaina na sha gyara wa marubuta hakan. Amma a baki wa yake tsayawa kan wannan? An ɗaga taro, an ɗaga jarrabawa, an ɗaga shari'a zuwa watan gobe. Duk maganganun da suka gabata, ƙwan fitila ne da tabarma da kwandon shara, ba wadda take ɗauke da rana. Wannan ce ta farko da ta zo da kwanan wata, kuma da zuwan kwanan watan kalmar ta rabe gida biyu. Ta ƙasan ma ba ta fi ba, don mutum ake saukewa daga muƙami. Na sa wa mai ƙaunar Baba tarko a sama, na sa masa wani a ƙasa.

Maganar Gwaggo ba ta faɗi ƙasa ba. Nan take wata ta ce, "Wallahi ni ma haka na fahimta." Wani ya ce shi ma. Mai kantin magani na hawa na ɗaya ya dafa kafaɗar Baba ya ce, "Baba, ka san ni. Ni ɗaga maka ƙafa nake nufi." Sai idanu suka juyo kaina, ba da fushi ba, da wani irin tausayi, irin wanda ake yi wa direban da ya buge akuya ba da gangan ba. Da zagina suka yi da ya fi min sauƙi.

Washegari da sassafe, kafin in tafi aiki, na tsaya a wurinsa. Yana fesa ruwa a wuyan wata riga.

"Baba, ina kwana. Kuskurena ne, kuma zan gyara."

"Lafiya lau, Jan Biro. Kina cin abinci kuwa? Duk kin rame."

"Zan sa a sake ƙuri'ar."

Ya ɗora dutse, tururi ya tashi. "Mutum nawa suka danna abin naki?"

"Ashirin da takwas."

"Daga jiya zuwa yanzu mutum talatin da ɗaya suka zo nan suka rantse min kuskure suka yi." Ya yi 'yar dariya. "Kin ga har da gyara aka yi min."

"To ka gani. In aka sake da kalma mai kyau, ba inda za ka."

"A bar kaza cikin gashinta, 'yata."

Na ɗauka kawaici ne irin na tsofaffi, ba ya so ya ɗora min wahala. Na ce masa kada ya damu, na ruga neman mota.

Kwanakin da suka biyo baya, ƙarƙashin matakala ya koma kamar shekarun baya. Igiyar Baba ta cika har ta lanƙwasa, kayan da suka daɗe ba su ga hannunsa ba suka dawo. Wani ya kawo masa kujera mai jingina. Matar mai kantin magani tana sauko masa da shayi a fulas kowace safiya. Maza suna tsayawa in sun dawo daga aiki, ana tuna shekarar da ruwa ya shigo gidan, Baba ya kwashe takalman kowa ya jera a kan teburinsa. Har an fara maganar cewa ranar talatin duk gidan za a fito a raka shi bakin titi, a ɗauki hoto. Na ji shi yana bin waƙar rediyo a hankali, abin da ban taɓa ji ba. Na ga duk wannan da idona, amma abin da na karanta a ciki shi ne hujja: ga shi nan, mutanen nan suna son sa, kalmata ce kawai ta ɓatar da su.

Na sami Ciyaman a falonsa ranar hutu da hantsi. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutum mai haƙuri wanda shugabancin ƙofa arba'in ya tsotse. Ya miƙe ƙafa a kan ƙaramin tebur, tabarau a goshi. Injiniya ma yana nan, an kira shi. Na zo da ƙamus daga wurin aiki, na sa takarda a shafin, na kuma rubuto jimla goma sha biyu da ɗaga take nufin jinkirtawa.

Ciyaman ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Malama, wata shida muna ɗagawa a gidan nan, ba wanda ya taɓa ruɗewa."

"Ba a taɓa sa rana ba, ranka ya daɗe."

Injiniya ya ce, "Ni dai abin da aka ba ni shi na rubuta."

"Ban ce laifinka ba ne. Nawa ne, shi ya sa na zo."

"In muka fara sake ƙuri'a," in ji Ciyaman, "gobe duk wanda ya sha kaye sai ya ce bai gane kalma ba."

"Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Aikina ke nan kullum. In an buga shafi da kuskure, ba a cewa tunda an buga a bar shi."

Ya sauko da tabarau ya dube ni ta cikinsa, ya daɗe. Yanzu in na tuna kallon nan nakan ji kunya, don na gane shi ma abin da Baba ya faɗa min yake so ya faɗa, bai dai san ta inda zai fara ba.

"Kin tabbata kina so a sake?"

"Na tabbata."

"To, ni na gaji. A sake. Ke za ki zaɓi kalmar, ke za ki rubuta tambayar. Amma duk abin da ya fito, an gama."

A wannan karon ban yi a kan matakala ba. Na zauna a teburina na wurin aiki lokacin hutun rana, na ture littafin lissafi gefe. Eh da A'a suna nan tun kakannin kakanni, kowace ba ta kai harafi biyar ba, kuma ban tuna da su a karon farko ba saboda ina neman kalma mai kyan gani. Na rubuta tambayar: "Ka yarda a tashi Baba Mai Guga daga ƙarƙashin bene?" Na cire kwanan wata, na cire zancen babura. Na karanta ta sau huɗu, har daga ƙarshe zuwa farko, yadda muke yi wa bangon littafi. Ban bar ko kafar allura da wani zai bi ya ce bai gane ba.

Ban tsaya nan ba. Kowace yamma in na dawo, kafin in cire takalmi, sai in ɗauki hawa ɗaya in bi ƙofa ƙofa. Na ƙwanƙwasa duka talatin da tara. Ina nuna musu a wayata: wannan Eh, ma'ana ya tafi, wannan A'a, ma'ana ya zauna. An gane? Kowa ya ce ya gane. Wasu suka ce sannu da ƙoƙari. Wasu suka tsaya a bakin ƙofa suna kallon takalmina, ba su ce in shigo ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma ni ban tambaya ba, gajiya ta yi min yawa, kuma ina ganin alheri nake yi. Tawa ƙuri'ar kuwa tun a mintin farko na danna ta.

Sakamakon ya same ni a wurin aiki, wajen ƙarfe uku na rana, injin bugu yana ta ƙara a bayana. Duk ƙofa arba'in sun danna, abin da bai taɓa faruwa ba ko a kan ƙwan fitila. Eh, ashirin da bakwai. A'a, goma sha uku.

Na ajiye wayar, na sake ɗauka, na duba ko akwai kuskure. Babu. Ashirin da takwas ta koma ashirin da bakwai, kuma na san guda ɗayan, tana hawa na biyu da sandarta. Mutum ɗaya kalmata ta ɓatar. Sauran sun san abin da suka danna tun farko. Gwaggo ce ta miƙa musu mayafi ba da saninta ba, suka yafa, shi ma Baba ya ja gefe ya rufa, ni kuma na bi ƙofa ƙofa na yaye shi.

Ban ma iya yin fushi da su ba. Babura da gaske suna tare ƙofa, wayar wutar da gaske tana zafi, kuma ba wanda yake so a ƙona masa rigar zuwa aiki. Kawai dai na ji wata irin gajiya ta sauko min tun daga wuya har tafin ƙafa.

Daga ranar ƙarƙashin matakala ya mutu. Gidan matakala ɗaya gare shi, dole ta gaban Baba za ka wuce, sai mutane suka koyi saukowa da waya a kunne, suna ta magana da wanda ba ya kan layi. Fulas ɗin shayi bai sake saukowa ba. Masu kaya a igiya suka riƙa zuwa ɗauka daidai lokacin da ya zagaya bayan gida. Mai kujera bai zo ya karɓi kujerarsa ba, bai kuma sake tsayawa ba. Ba wanda ya ƙara ta da zancen hoto. Ni ma, in faɗi gaskiya, kwana uku ina gaishe shi daga nesa ina wucewa.

Ranar talatin na nemi izinin rabin yini a wurin aiki. Da hantsi na sauko na same shi ya riga ya kwance igiya ya naɗe ta a hannu. Duwatsun guga suna cikin kwali tare da rediyo da kwalba. Mijin 'yarsa ya turo mai ƙaramar motar ɗaukar kaya, yana jira a bakin titi, bai ko kashe inji ba. A bangon da teburin ya jingina tsawon shekaru, tururi ya zana wani baƙin tabo mai faɗi. Gidan shiru, kamar ba kowa a ciki, sai dai ina jin motsi a bayan ƙofofin hawa na ɗaya.

"Baba, ka yafe min."

"Me kika yi? Gyara kika yi, aikinki ne."

"Ka san abin da zai fito."

Ya zauna a kan kujerar mai jingina, ya dafa gwiwa. "Jan Biro, shekara nawa ina nan? Kowa ta gabana yake wucewa da safe. Ni ba fuska nake kallo ba, rufin nan ba ya barina in ɗaga kai. Riga nake kallo. Na san karin gugata, na san na injin can. Tun bara nake ƙirgawa, na kai ƙofa talatin. Da aka ce min ashirin da takwas, na ce ashe ma an rage min biyu."

Ya dubi hannun rigata.

"Ke ma rabonki da kawo min kaya tun da na ɓata miki ɗankwalin nan mai ruwan toka. Amma ke ba shago kike kaiwa ba, da kanki kike yi. Na gane ne don kullum karin hannun hagu a karkace yake." Ya yi murmushi. "Ki riƙa farawa daga kafaɗa."

Hawaye suka zubo min, na bar su, don hannuna ma ya yi nauyin ɗagawa.

"To me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Na faɗa miki. Ke dai ba ki saba barin kuskure ya wuce ba." Ya murza igiyar. "Kalmar nan taki ta farko mai kyau ce. Ban taɓa ganin kalma mai kirki irinta ba. Kowa ya samu abin da yake so, kuma kowa yana iya duban idona. Da ita na so in tafi. Da yanzu mutum talatin da ɗaya ne a nan suna rigimar wanda zai ɗaukar min kwali."

Daga sama aka buɗe taga. Gwaggo ce, gwiwa ta hana ta saukowa, tana kiran Allah ya kiyaye hanya, Allah ya sa mu gana da alheri. Ya fita tsakar gida a sunkuye, ya juya gefe don ya iya hango ta, ya amsa mata. Ban da tata, ba wata tagar da ta buɗe.

Mai motar ya danna oda sau biyu. Baba ya dawo ya naɗe farin zanen, ya naɗe barguna, tsohuwar ƙofar ta fito tsirara, har da ramin makullinta. Ya tsaya a gefe ɗaya ya sa hannu a ƙarƙashi.

"Kama can, Jan Biro, mu ɗaga."

Na kama. Ta fi yadda nake zato nauyi, kuma sai da muka sauke ta sau biyu kafin mu kai bakin titi.